Tambaya da Amsa: Shin harajin shayi ne ya raba Amurka da Ingila?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa harajin ganyen shayi ne ya sa Amurkawa suka yi wa Ingila tawaye. Ta yaya ƙaramin abu irin wannan zai kai ga yaƙi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam mai tambaya, shayi ya shigo ne a ƙarshen rigimar da ta kusa shekara goma tana ruruwa. Ingila ta ci Faransa da yaƙi a 1763, amma bashi ya yi mata katutu, don haka majalisar dokoki da ke Landan ta ga ya kamata yankunanta 13 na Amurka su ɗauki wani kaso na kuɗin sojojin da aka girke a can. A 1764 aka kafa dokar sukari, a 1765 kuma dokar hatimi, wadda ta wajabta biyan haraji a kan jaridu da takardun kotu da lasisi, har ma da karta.

Kuɗin bai taka kara ya karya ba, domin mutanen Ingila sun fi su biyan haraji nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne, ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da ta ɗora musu harajin, alhali kowane yanki yana da tasa majalisar da ta saba yanke wa jama'arta haraji. A Boston aka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, jami'in rabon hatimi, a jikin bishiya, har ya ajiye aikin. 'Yan kasuwa kuma suka ƙaurace wa kayan Ingila, kuma a ganina wannan ya fi tarzoma tasiri, tunda fataken Landan da kansu suka matsa aka soke dokar a 1766.

A 1767 aka sake sa haraji a kan gilashi da fenti da takarda da shayi. Mata suka koma kaɗi da saƙa a gida domin kada a sayi yadin Ingila. Ranar 5 ga Maris 1770 sojoji suka buɗe wuta a Boston, mutum biyar suka mutu. A shekarar aka janye harajin duka in ban da na shayi, wanda aka bari da gangan don a nuna cewa ikon majalisar yana nan daram.

Dokar shayi ta 1773 ma sauƙaƙa farashin shayin kamfanin East India na Ingila ta yi, amma duk wanda ya saya ya biya harajin ke nan, ya kuma amince da ikon. Saboda haka a daren 16 ga Disamba wasu mutane da suka yi shigar ƙabilar Mohawk, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, suka zubar da akwatin shayi 342 a cikin teku a tashar jiragen ruwan Boston. Ingila ta rufe tashar jiragen ruwan Boston a 1774, wakilan yankuna 12 suka taru a Philadelphia, sannan a Afrilun 1775 aka fara musayar wuta a garin Lexington, kusa da Boston.