Hujojin da ke jikin filtar sigari

Malam, ka tambaya ko ƙananan hujojin nan na jikin filtar sigarin da ka saya wurin mai tebur a Sabon Gari suna rage illarta. Ba sa ragewa. Iska kawai suke shigarwa ta tsarma hayaƙin, sai injin gwaji ya nuna kwalta da nikotin sun ragu.

Amma mutum ba inji ba ne. Warware takardar filtar ka ɗaga ta ga haske, za ka ga layin hujojin wajen milimita 11 zuwa 15 daga ƙarshen da ake sawa a baki, daidai inda yatsu da leɓe ke toshewa. Ko ba su toshe ba, hayaƙin ya rage kartar maƙogwaro, sai mai sha ya ƙara zuƙa, ya kai shi can ƙasan huhu.