Tantina ya yi fumfuna, in wanke shi da garin sabulu?

Malam, ka ce ka naɗe tantin kanbas (yadin auduga mai kauri) da danshi, ya yi baƙin fumfuna, ko garin sabulu da bilic za su fitar? A'a, kada ka sa ko ɗaya. Kafa shi a rana ya bushe ƙarau, ka goge da burushi mai taushi, ka wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal, ka ɗauraye.

Garin sabulu na cinye maganin hana ruwa da ke jikin yadin, bilic kuma na raunana zaren auduga. A nawa tantin, in maganin ya tafi, ta bakin ɗinki yoyo ke farawa. Tabon ba lallai ya fita duka ba. Amma in ka danna yatsa wurin ya yage, ya riga ya ruɓe, sai faci.