Amsa kan maganar zagaya da baƙi cikin birnin Zazzau

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanina na ji saƙonka tun da rana, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce abokan aikinka za su zo daga Legas ran Asabar, kana son ka ɗauko musu shatar mota mai AC a zagaya da su wuraren tarihi, wace mota ta fi, kuma awa biyu zai isa. To ni dai yadda na fahimta ba mota kake nema ba, mutum kake nema. Mota ai ko a Kwangila ka tsaya ka ɗaga hannu za ka samu. Wanda zai zauna gaba kusa da direba ya ce tsaya nan, ku sauko, ku cire takalmi, shi ne aikin. Kuma awa biyu, a'a wallahi, kar ma ka fara.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake magana da zafi haka. Shekarun baya surukina ya yi baƙi daga Damagaram, cikinsu akwai wani dattijo magini, shi abin da ya kawo shi kenan, ya ga tsohon masallacin Juma'a na bakin fada. Ni ina wajen aiki, sai aka haɗa su da wani direban haya, yaro ne mai ladabi ba laifi, motarsa tsaf. Ya ɗauke su ya bi ta PZ, ya bi Tudun Wada, ya shiga ta Ƙofar Doka gilashi a rufe, ya tsaya ƙofar fada suka ɗau hoto, dattijon nan ya ce ina masallacin Babban Gwani, yaro ya nuna masa gini ya ce ai gashi nan, an rushe tsohon an yi sabo. Shi kenan suka juya. Da daddare na je gaishe su, bawan Allah nan ya riƙe hannuna ya ce ashe kun rushe, wallahi har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Don a lokacin ba a rushe shi duka ba! Ginin siminti ne aka lulluɓe shi da shi a shekarun 1970, lokacin da suka zo ɗakin sallar na ƙasa yana nan a ciki, sai an shiga ake gani, wannan kafin wani ɓangaren masallacin ya rufta a 2023 ne. Washegari da asuba suka kama hanya, bai gani ba. Mutum ya taso tun daga wata ƙasa, taku kaɗan tsakaninsa da abin da ya zo nema.

Kuma masallacin nan ba wasa ba ne fa. Muhammadu Durugu, shi ake ce wa Babban Gwani, har unguwa akwai da sunan a cikin birni, shi ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ba siminti ba rodi, tubali ne da ƙasa da azara. A da in ka shiga sai ka ɗaga kai ka ga bakan gizon nan yadda suka taso daga ginshiƙai suka lanƙwasa suka haɗu a sama, ka sa hannu a jikin ginshiƙi ka ji kaurinsa, ka ga zanen da aka yi da hannu a jikin ƙasar, ga wani sanyi ko a watan zafi. Wannan ta gilashin mota za ka gani? Saboda haka ka sa a sami ɗan cikin birni, na wajen Kwarbai ko Unguwar Juma ko nan kewaye, wanda masu kula da wurin suka san fuskarsa, ya yi sallama ya nemi izini tukuna, musamman in cikin baƙin akwai mata ko waɗanda ba Musulmi ba, a tambaya tun kafin ranar, kuma su sa sutura ta mutunci. Fada ma haka, ba a faɗa wa dogarai da kyamara, a gaishe su, su za su ce ga inda za ku tsaya.

To tsarin, in ni ne, ƙarfe takwas mun fita. A fara da ganuwa da ƙofofi tun rana ba ta yi ba, Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, ba sai an bi duka ba, amma a tsaya inda ragowar ganuwar take a sauko. Ita ma ganuwar nan abin takaici, mutane sun yi ta ɗibar ƙasarta suna gini, wani wurin sai an ce maka nan ne kafin ka gane, wani wurin gida ne a kai, muna yara muna hawa muna hango rimaye, yanzu... to bar wannan, in na shiga ba za mu gama ba.

Mai yi musu bayanin kuma don Allah ya san abin da yake faɗa, ba Sarauniya Amina kaɗai ba, kowa Amina Amina ya yi shiru. Ya san Turunku da Kufena, tsofaffin garuruwan Zazzau, ya san da jihadi ya zo Sarki Makau ya fita ya yi kudu wajen Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali wadda ita ce Suleja yanzu, mutanen Legas in suka ji wannan za ka ga sun gyara zama. Ya san gidajen sarauta huɗu, Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa, ya san marigayi Shehu Idris ya yi daga 1975 har 2020, sannan Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ya hau.

Bayan azahar sai Wusasa, cocin nan na ƙasa na 1929 da aka yi shi da ginin Hausa, ga dutsen Kufena nan kusa in suna da ƙafar hawa. In lokaci ya rage a biya Kwalejin Barewa, wadda aka kafa 1921, a'a tsaya, a Katsina aka fara ta 1921, Zariya sai 1949 ta dawo, kar in sa ka faɗi ba daidai ba. Samaru kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ce, ABU, an kafa ta 1962, wannan su da kansu za su ce a kai su.

Batun mota tunda ka tambaya, ƙarama ka ɗauko, kar ka kawo doguwar bas, lungunan cikin birni ba za ta juya ba, kuma ku yi ciniki na wuni ne da mai a ciki, ba na awa ba, don direban awa shi ne mai cewa an rushe. Kuɗin mai bayani daban, ka ba shi a hannunsa. Gara da ka ce Asabar, ran Juma'a bakin fada ba ya shiguwa. Ka kira ni bayan isha'i in haɗa ka da wani malami a Kwarbai, in kuma bai samu dama ba ni zan zo da kaina in shiga gaban motar.