Ina mai kiɗan bes a faifan Jimmy Smith?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A cikin tsofaffin faya-fayan garmaho da marigayi mahaifina ya bari na tsinci wani mai suna Back at the Chicken Shack na Jimmy Smith. Ina jin amon bes, wato sautin nan mai kauri da ke ƙasa da sauran kiɗan, tun daga farko har ƙarshe, amma makaɗa huɗu kawai aka rubuta a bayan kwalin, kuma babu mai bes a cikinsu. Ko mantawa aka yi da sunansa?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ba a manta da kowa ba, Malam, domin Jimmy Smith, makaɗin jaz ɗan Amurka, shi ne da kansa yake fitar da wannan amon.

Abin kiɗansa shi ne ogan (dangin fiyano mai aiki da lantarki) ƙirar Hammond B-3, mai jerin maɓallai hawa biyu da kuma wasu matakai a ƙasa da ake dannawa da ƙafa. Hannun damansa yana bin karin waƙa a hawan sama, na hagu yana tafiyar da bes a hawan ƙasa, ƙafarsa kuwa tana taɓa matakan domin ƙara wa amon nauyi, ta yadda mutum ɗaya yake ɗaukar aikin biyu. Rawar da kake ji a sautin kuma daga lasifikar Leslie take fitowa, wadda ke da ƙaho mai juyawa a cikinta. Tun da farko majami'u aka yi wa tallan ogan ɗin Hammond, shi ya sa da ya shiga jaz sai ya taho da ƙamshin waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka, aka gauraya da salon kiɗansu da ake kira blues, aka sami salon da ake kira soul jazz.

An naɗi faifan ranar 25 ga Afrilu, 1960, a ɗakin naɗar sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, amma sai a 1963 kamfanin Blue Note ya fitar da shi. Stanley Turrentine ne ya busa saksafon, Kenny Burrell ya kaɗa jita, Donald Bailey kuma yana kan ganguna. A ganina busar Turrentine ce gishirin faifan, don ba ya gaggawa ko kaɗan.

A wannan zaman ne kuma suka naɗi wani faifan mai suna Midnight Special, wanda ya riga fitowa a 1961. Ka sake duba kayan Baba, wataƙila yana ciki.