Amsar Maigida Kan Katin Zauren Sinima

Ka tambaye ni, Isa, yadda ake bambanta katin zauren sinima, wato kwalin tallan fim da ake kafawa a zauren gidan sinima, na bugun farko da wanda aka sake bugawa daga baya. Da wani ne ya yi mini wannan tambaya da na ce ya je ya shekara biyar yana taɓa kwali tukuna, amma tunda a hannuna kake, saurara.

Ba zan ɓata bakina wajen gaya maka cewa katin Amurka inci 11 ne da 14 ba, ko cewa takwas-takwas suke zuwa, ɗaya mai ɗauke da sunan fim da 'yan wasa, sauran bakwai kuma hotunan abin da ke cikinsa. Wanda bai san wannan ba ba shi da abin yi a shagona. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne farin gefen da ke ƙasan kati. A wajen 1940 kamfanin National Screen Service ya karɓi aikin rarraba kayan tallan finafinan Hollywood, a wancan zamani yana buga lamba a wannan gefen: shekara, sannan lambar fim. Idan an sake fito da tsohon fim, sai a sa harafin R gaban shekarar, kuma wannan harafi ɗaya yana iya zubar da darajar kati ƙasa warwas.

Harafin nan ne ya cuce ni, kuma har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mutum ya zo mini sanye da babbar riga, yana magana a hankali kamar malami, ya ce mahaifinsa ya yi aiki a gidan sinima, ya rasu ya bar masa katin wani fim ɗin kaboyi na 1939. Mai ɗauke da sunan fim ne, wanda ya fi sauran bakwai tsada, launinsa bai koɗe ba, yana cikin firem da gilashi, an kewaye shi da farin kwali. Na ce a fito da shi in duba, sai ya sunkuyar da kai ya ce hannun marigayi ne ya rufe shi, ba ya son a buɗe a gabansa. Kunya ta kama ni, domin ba a ja-in-ja da maraya kan kayan ubansa. Na ƙirga masa kuɗin da na shekara biyu ina tarawa don rufin gidana, har na raka shi bakin titi ina yi wa mahaifinsa addu'a.

Na aika wa wani dillali a Amurka wanda muka daɗe muna hulɗa, haka nan cikin firem ɗin, da shaidar bakina cewa bugun farko ne. Da ya cire kwalin kewayen sai ga R48, wato bugun da aka sake yi a 1948, a zaune a kusurwa, an rufe ta da gangan, domin kwalin ya fi faɗi ta ƙasa, abin da ido ya kamata ya gani tun farko. Ya dawo mini da kayan, na biya kuɗin jirgi zuwa da dawowa, bai kuma sake sayen ko kati ɗaya a wurina ba. Asarar kuɗin na jure, amma sunana da ya zube a idon mutumin da ya yarda da ni shekara da shekaru, wannan ban yafe ba. Da na bi adireshin da mai babbar rigar ya ba ni, babu wanda ya taɓa jin sunansa a unguwar.

Ku yaran yanzu kuna ganin hoto a waya sai ku ce kun ga kati, har ku tura kuɗi. Hoto ba ya nuna kaurin kwali, ba ya nuna ramukan ƙusa a kusurwoyi inda aka kafa shi a bangon zaure, ba ya kuma nuna bayan kati, inda tsufa na gaskiya yake bayyana. Katin shekarun 1930 ba shi da lambar da na ambata, don haka sai ka sa gilashin ƙara girma: bugun wancan zamani yana da laushi kamar hoto, na injin kwamfuta kuwa ɗige-ɗigen tawada ne a warwatse. Ka haska shi da fitilar da ake duba jabun kuɗi, domin takardar zamani tana ƙyalli, tsohuwa ba ta yi. Ko wannan ma kada ka dogara da shi shi kaɗai, domin a 2009 an bankaɗo badaƙala a Amurka inda ake liƙa sabon bugu a kan tsohon kwali na gaskiya, ana sayarwa a matsayin katunan finafinan ban tsoro na kamfanin Universal, manyan masu tarawa ma sun faɗa.

Gobe akwai wanda zai kawo kati biyu cikin firem. Kai za ka karɓe shi, ka ce a cire su a gabanka, ka auna da rula, domin wasu yanke gefen suke yi gaba ɗaya. Idan ya ƙi buɗewa, ko mene ne dalilinsa, ka miƙa masa kayansa ka sallame shi da mutunci.