Na canza fasfo, dole ne sai na kawo takardar 'yan sandan Sharjah?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Agege da matata da yara biyu. Kanada sun turo min gayyata ta Express Entry, tsarinsu na neman izinin zama na dindindin, yau kwana 44 suka rage min in tura takarduna. Na yi digiri na biyu a Maleshiya daga 2017 zuwa 2018, sannan na yi aiki a Sharjah daga 2019 zuwa 2021. Ba mu rabu lafiya da kamfanin ba, albashina suka riƙe na tattara na dawo gida, kuma ina tsoron sun kai ƙara cewa guduwa na yi. Wani ejan a Obalende ya ce tunda na canza fasfo, sabon babu hatimin can a ciki, kada ma in ambaci Sharjah. In kuma na nace, zai haɗo min takardar 'yan sandan can cikin kwana biyu. Wallahi barci ya gagare ni. Mene ne abin yi?

Baban Khalifa, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kwantar da hankalinka. Kwana 44 sun ishi mutumin da ya tashi tsaye yau, kuma ko da takardar ba ta iso ba akwai hanyar da doka ta buɗe maka. Abin da zai iya kassara ka shi ne shawara biyun nan da aka ba ka a Obalende, kowacce a cikinsu.

Takardun shaidar rashin laifi uku ne a kanka: ta Najeriya, ta Maleshiya, da ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Sharjah take. Ƙa'idar Express Entry ka san ta: duk ƙasar da ka zauna wata 6 ko fiye a jere cikin shekara 10 da suka wuce, bayan ka cika shekara 18. Maman Khalifa ma tana da nata lissafin daban. Idan ta zauna tare da kai a Sharjah har wata 6, ita ma sai ta kawo tata, ban da ta Najeriya. Yaran ba ruwansu tunda ba su kai 18 ba.

Ta Najeriya ba ta da wuya. Ka cike a shafin POSSAP na 'yan sandan Najeriya da kanka, ka biya ta hanyar da shafin ya nuna, ka je a ɗauki zanen yatsunka. A nan Legas babban rajistan masu laifi yana Alagbon, Ikoyi. Ka lura da abu ɗaya: takardar ƙasar da kake zaune a ciki yanzu kada ta wuce wata 6 da fitowa a ranar da za ka tura takardunka. Idan ka yi wata bara don neman bizar wani wuri, ta mutu, ka sake. Ta Maleshiya ma'aikatar harkokin wajensu ce ke bayarwa, ta shafinsu na e-Konsular, kuma tana iya cin makonni, saboda haka ita za ka fara cikewa a daren nan kafin ka kwanta.

Yanzu sai maganar da ta kawo ka.

Wannan zance na cewa sabon fasfo yana goge tarihin mutum, ban san wanda ya fara yaɗa shi ba, amma ya ci mutane da yawa, kuma kusan kullum sai wani ya shigo min da shi, daga Idi-Araba, daga Mile 12, daga Alaba Rago, kowa da irin nasa ejan ɗin. Fasfo littafi ne kawai. Tarihin tafiyarka ba a cikinsa yake zaune ba, hatimin da ke ciki alama ce ta abin da aka riga aka rubuta a kwamfutocin wasu. Ranar da aka yi maka Emirates ID, katin shaidar mazauna Daular, an ɗauki yatsunka. Ranar da ka fita ta filin jirgi an rubuta. Za ka je ka ba Kanada yatsun nan guda goma, su ɗin dai, ba a canza su a ofishin fasfo ba. Kanada kuma tana musayar bayanan yatsu da na shige da fice da Amurka, Birtaniya, Ostareliya da New Zealand. Idan ka taɓa neman bizar ɗaya daga cikinsu ka rubuta cewa kana aiki a Sharjah, to ka riga ka ba da shaida a kan kanka.

Ko ma a bar zancen kwamfuta. Fom ɗin da za ka cike yana son tarihinka na shekara 10 wata bayan wata, ba tare da giɓi ba. Ka cire Sharjah, me za ka sa a gurbin 2019 zuwa 2021? Ejan zai ce ka rubuta kana Legas kana sana'a. Shi ke nan, ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu. Sai adireshin da ka zauna, ta uku. Sai jerin tafiye-tafiyenka, ta huɗu. Sai a duba takardar banki a ga kuɗi suna shigowa daga waje a shekarun da ka ce kana Agege, ko a buɗe shafinka na LinkedIn a tarar da sunan kamfanin yana nan daram, ko a ga hotonka na Sallah a Facebook a gaban dogon benen Burj Khalifa na Dubai. Jami'in da ke duba fayil ɗinka aikinsa ke nan tun safe har yamma, ya ga irin wannan ɗinki fiye da yadda ejan ɗinka ya ɗinka.

Kuma ba ƙin ba ka biza kawai za a yi ba. Sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya tanadi hukunci ga wanda ya faɗi abin da ba haka ba ko ya ɓoye wani muhimmin bayani, ko da bakinsa ko ta hannun wani. Hukuncin shi ne haramcin shekara 5. Da shekara 2 ne, a 2014 aka ɗaga shi. Ka riƙe wannan "ta hannun wani" da kyau, domin ita ce ke kashe uzurin da kowa ke zuwa da shi bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada: "Ai ba ni na cike ba, ejan ne." Kai ka sa hannu, kai za ka amsa. Shi ejan ko sunansa babu a fayil ɗin. Wanda Kanada ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilce ka sai lauya ko mataimakin lauya mai rajista da ƙungiyar lauyoyi ta can, ko notare (masanin shari'a mai tabbatar da takardu) na lardin Quebec, ko mai ba da shawara da ke da lasisin CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice, kuma sunayensu suna nan a intanet kowa na iya dubawa. Ka tambayi mutumin Obalende lambar lasisinsa ka ga yadda zai canza hira.

Haramcin ba a kanka kaɗai zai tsaya ba, tafiyar Maman Khalifa da yaran ta rushe tare da taka. Daga nan duk fom ɗin da ya tambaye ka ko an taɓa hana ka biza, sai ka ce e, ka yi bayani. Birtaniya tana iya rufe ƙofa shekara 10 ga wanda ya yi mata yaudara a takardun biza, Amurka kuwa nata haramcin na har abada ne sai in an yi maka afuwa ta musamman. Mafi muni shi ne wanda ƙaryar ta wuce masa. Ya shiga, ya kama haya, ya sa yara a makaranta, ya sayar da filinsa na gida, sai bayan shekaru abin ya fito. Ana iya ƙwace izinin zama na dindindin a kan haka, har ma da shaidar zama ɗan ƙasa idan an same ta ta wannan hanya.

Sai takardar kwana biyu. An taɓa ajiye min irinta a kan tebur, mai ita yana ta murmushi, ya sa ta a cikin leda kamar takardar fili. Tambarin da ke sama ya yi dishi-dishi, alamar daga intanet aka kwafo shi aka ja shi ya yi faɗi. Lambar QR da ke ƙasa muka haska da waya, ba ta kai mu ko'ina ba. Larabcin kuwa, haruffan a warwatse suke, kowane baƙi yana tsaye shi kaɗai, kuma sun faro daga hagu, domin kwamfutar da aka buga ta ba ta san yadda ake haɗa rubutun Larabci ba. Yaron da ya yi wata uku a makarantar allo zai gane akwai matsala. Wannan ce aka karɓi kuɗin bawan Allah a kanta, wai ya kai wa gwamnatin da ke da ofisoshin biza a ƙasashen Larabawa da ma'aikata masu jin harshen. Takardar gaske tana da lamba da ake tantancewa a wurin hukumar da ta bayar. Wanda ke zaune a shago a Obalende ba shi da hanyar shigar da sunanka cikin rajistan 'yan sandan wata ƙasa, abin da yake da shi firinta ce mai launi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu faɗawa wannan rami yawanci ba su da laifin komai. Mutum ya yi karatunsa, ya ci jarrabawar Turanci, makinsa ya kai da guminsa, sai tsoro ya sa ya ɗauki takarda ɗaya ta bogi ya cusa cikin na gaske goma sha. Kamar mai tuwo ne da ya gama tuƙi lafiya sannan ya ɗebo ƙasa ya barbaɗa.

Ga yadda ake neman ta gaske. Tunda a Sharjah ka zauna, ka bi ta shafi ko manhajar ma'aikatar harkokin cikin gida ta Daular. 'Yan sandan Dubai ma suna da nasu shafin, na waɗanda ikamarsu, wato izinin zamansu, ta Dubai ce. Ka nemo lambar tsohon Emirates ID ɗinka, ko da katin ya ƙare aiki, da hoton shafin ikama a tsohon fasfo. Da su ake gano fayil ɗinka, kuma idan komai ya daidaita ta intanet za ka biya, ta intanet za ta zo maka. Ka zaɓi a fitar maka da Turanci, ka huta da neman tafinta mai rajista, domin Kanada ba ta karɓar takardar da ba Turanci ko Faransanci ba sai da fassara. Idan tsarin bai gano ka ba, sai hanya mai tsawo: a ɗauki zanen yatsunka a kati a wurin 'yan sanda a nan, a tantance katin a ma'aikatar harkokin waje a Abuja, a kai ofishin jakadancin Daular su buga nasu hatimin, sannan a tura. Hatimi a kan hatimi, kowanne da layinsa da kuɗinsa, kuma babu ofishin da ya damu da cewa agogonka na tafiya. Shi ya sa nake ce wa mutanenmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa su karɓi wannan takarda dab da tahowarsu, kuma kada su jefar da tsohon fasfo, ko katin ikama, ko takardar fita ta ƙarshe, musamman masu aiki a Saudiyya.

Kada ranar ƙarewa da aka rubuta a jikin takardar waje ta ɗaga maka hankali. Ga ƙasar da ka riga ka baro, abin da Kanada ke dubawa shi ne an fitar da ita bayan zamanka na ƙarshe a can. Ka yi mata sikanin mai launi daga ta asali, ba daga kwafi ba.

Idan kwanakin suka zo ƙarewa ba ta iso ba, kada ka bar gurbin fayau, domin za a dawo maka da fayil ɗin a matsayin wanda bai cika ba. Ka sa rasidin biyan kuɗi, da imel ɗin da ke nuna ranar da ka nema, da gajeriyar wasiƙa mai bayanin inda aka tsaya. Jami'i ne zai yanke ko ya gamsu, kuma abin da ke gamsar da shi shi ne ya ga tun farkon kwanakin ka nema, ba ana saura kwana uku ba. Akwai kuma zaɓin ƙin karɓar gayyatar: sunanka zai koma cikin jerin masu jira matuƙar ka cika sharuɗɗa, ba tare da wani tabo ba, sai dai babu tabbacin makinka zai sake kaiwa a zagaye na gaba.

Game da ƙarar guduwa da kake tsoro, har yanzu zato kake yi. Neman takardar ne zai nuna maka gaskiyar lamarin. Idan ta fito fes, magana ta ƙare. Idan aka riƙe ta saboda akwai wani abu a kan sunanka, ka ɗauki lauya mai lasisi a can, ka ba shi wakilci a rubuce, ya duba mene ne, ya nemi a rufe shi. Ka tattara kwantiraginka, da saƙonnin da ka riƙa tura musu kana neman albashinka, da takardar banki da ke nuna watannin da ba a biya ka ba. Kanada tana auna laifin da aka yi a waje ne da ma'aunin dokarta, ta duba ko abin laifi ne a Kanada, kuma rigimar ma'aikaci da kamfani a kan albashi ba ajinsu ɗaya da sata ko zamba ba. Ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru a wasiƙar bayaninka, da ranaku, ka haɗa da hujjojin. Idan kuwa ya bayyana cewa har kotu ta yanke hukunci a bayan idonka, kada ka danna tura komai tukuna, ka kai kwafin hukuncin wurin lauyan shige da fice mai rajista a Kanada ya karanta tun kwanakinka ba su ƙare ba.