Mayafin da nake saƙawa ya karkace, an ce in danne shi da dutsen guga

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na sayi zaren nan mai canza launi da kansa, dunƙule biyu, na fara saƙa wa mahaifiyata mayafin kafaɗa da kwarashi saboda sanyin bana. Da na kai rabi sai na ga gefe ɗaya yana ta tsukewa, ƙasan kuma ya lanƙwashe. Da na ɗaura dunƙule na biyu sai launin ya tsallake, daga shuɗi ya faɗa ruwan goro kai tsaye. Maƙwabciyata ta ce idan na gama in danne shi da dutsen guga mai zafi zai miƙe, bakin zaren kuma in ƙone shi da ashana kada ya warware. Zaren ya ci mini kuɗi, ina tsoron na yi asara. Umma kuma ta manyanta, da asuba kullum tana gefen kaskon wuta. Don Allah me zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da Umma. Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi asarar komai ba tukuna. Muddin wuta ba ta taɓa zaren ba, duk abin da kika lissafa yana gyaruwa, don saƙar kwarashi warware ta ake yi a sake.

Tsukewar gefe ba laifin zare ba ne, ƙirga ce ta kuɓuce miki. Idan da dogon saƙi kike aiki, sarƙa ukun da kike yi a farkon layi tana zaman saƙi ɗaya. In kika dawo ƙarshen layi na gaba, dole kwarashi ya shiga kan wannan sarƙar. Yawancin masu koyo suna tsallake ta don ba ta fitowa sosai, sai kowane layi ya riƙa raguwa da ɗaya. Ki ƙirga layin farko, ki ƙirga wanda kike kai yanzu, za ki ga bambancin da idonki. Ki warware har inda lissafin ya daidaita, daga nan ki riƙa maƙala ɗan zare mai wani launi a saƙin farko da na ƙarshe na kowane layi. Lanƙwasar ƙasa kuwa daga sarƙar tushe take, kin ja ta da ƙarfi ta fi jikin saƙar matsewa. Idan da kwarashi mai lamba 5 kike saƙa, ki yi sarƙar tushe da mai lamba 6, wanda ya fi shi kauri, sannan ki koma na 5. Tunda wannan a tushe yake, in lanƙwasar ta yi yawa gara ki warware duka. Na san da ciwo, amma Umma za ta yi shekaru tana yafa shi.

Maganar launi ma mai sauƙi ce. A masana'anta ake rina irin wannan zare gaɓa-gaɓa, kowane launi da tsawonsa, kuma ba dole ba ne dunƙule biyu su fara da launi ɗaya ko da lambar rininsu ɗaya ce. Sai ki ware dunƙule na biyu har ki iso shuɗin da kika tsaya a kai, ki yanke, ki ɗora daga nan, ragowar ki ajiye don bakin mayafin. Ki kula kuma da inda kike jawo zaren. In na farko daga tsakiya kika ja, na biyu ma daga tsakiya, in ba haka ba jerin launin zai juya baya. Wani lokacin za ki tarar da ƙulli a cikin dunƙulen, inda zare ya tsinke a inji aka ɗaure shi da wani launi dabam. Ki yanke ƙullin ki nemo inda launin ya dace. Faɗin mayafi shi ne ke yanke kaurin ratsi: na wuya mai faɗin santimita 20 zai ba ki manyan gaɓoɓi, na kafaɗa mai santimita 55 ko 60 zai ba ki siraran ratsi da wannan zaren dai. Shawarata ga irin wannan zare kullum ita ce saƙi mai sauƙi. Launin ya riga ya yi adon, in kika cusa masa zane mai wuya sai duka biyun su ɓace.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wasiƙarki a gaban sauran. Kada ki kai dutsen guga kan mayafin nan, kada kuma ki kusantar da ashana gare shi. Maƙwabciyarki ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta ji ne take maimaitawa, kuma ina jin wannan magana a bakin ɗalibai kusan kullum. Tushenta ɗaya ne: mun saba kiran duk zaren saƙa ulu, sai muka ɗauka duk gashin tunkiya ne. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu akirilik ne, wato zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara fitar da shi kasuwa da sunan Orlon wajen 1950, ya kuma mamaye duniya saboda araha da riƙe launi. Masu canza launin nan da ake yayi ma haka suke. Mandala na kamfanin Lion Brand akirilik ne zalla. Caron Cakes kashi 80 cikin 100 akirilik ne, ulu kashi 20 kacal. Burcum Batik na kamfanin Alize da ake kawowa daga Turkiyya shi ma akirilik ne zalla. Wannan ba aibu ba ne, zare ne mai kyau, yana wankuwa, asu ba ya cin sa. Amma ba ya shiri da zafi ko kaɗan.

Ki duba jikin dutsen gugar lantarki, za ki ga ɗigo ɗaya, biyu, uku. Ɗigo ɗaya kusan digiri 110 ne a ma'aunin Salsiyos, biyu 150, uku 200. Akirilik yana fara saki tun zafi bai wuce na tafasar ruwa ba. Dutsen guga na gawayi kuwa ba shi da ma'auni sam, sai abin da hannu ya kintata. Da zarar kin danne mayafin da dutse mai zafi, saƙar za ta kwanta, ta yi sheƙi, ta saki jiki, taushin da ɗumin duk su tafi. Eh, zai miƙe, shi ya sa ake ganin kamar dabarar ta yi aiki. Amma ya mutu ke nan, ba wanki ba warwara da za su dawo da shi, zaren ma ba zai sake saƙuwa da kyau ba. In zafin ya yi yawa ya manne a ƙasan dutsen. Kuma gefen da ya tsuke saboda saƙi ya ragu, guga ba ta ƙara masa saƙin da babu. Ki duba takardar da ke naɗe da dunƙulen, sau da yawa za ki ga hoton dutsen guga an soke shi da gicciye. Ba don ado aka buga shi ba. Raina yana ɓaci in na ga masu koyar da saƙa a TikTok da zaurukan WhatsApp, sun karɓi kuɗin mata, ba su taɓa ce musu su karanta wannan takarda ba, sai ma su nuna musu yadda ake kunna layita a bakin zare a kan rigar jariri.

Ƙona bakin zare yana barin ɗan dunƙule mai tauri. Yana karce wuya, a fatar jariri ko ta tsoho har ya yi ja. Bayan wanki kaɗan ya ɓalle, tunda kuma an yanke zaren gajere don a ƙona, babu abin da zai riƙe, sai saƙar ta fara zarewa daga nan. Wato abin da ake gudu shi ake jawowa. Ga kuma hannun da ke riƙe da harshen wuta a kan tulin zare mai gashi-gashi, a ɗaki, yara na kewaye. Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Ki bar wutsiyar zare kamar santimita 15, ki zura a allura mai babban ido marar tsini, ki bi ta cikin saƙar ta baya, ki juyo, ki sake juyawa, sannan ki yanke da almakashi. In kin yi haka a cikin gaɓar da ke da launi ɗaya da wutsiyar, ko ke ba za ki sake gano wurin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne kaskon Umma. Ulu na gaskiya yana da wuyar kamawa da wuta, in ya kama ma yakan mutu da kansa. Dalili shi ne iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, ulu kuwa yana bukatar kusan kashi 25 kafin ya ci gaba da ci. Akirilik kusan kashi 18 ya ishe shi, don haka iskar ɗaki ta wadace shi. Yana ci da sauri, yana baƙin hayaƙi mai cutarwa, yana narkewa yana ɗiga kamar ledar da ta faɗa murhu, abin da ya narke kuma ya manne a fata ya ci gaba da ƙuna. Tsohuwa ta sunkuya gyara garwashi ko sauke buta, gezar mayafi ta leƙa cikin kasko, kafin ta warware shi daga kafaɗa an riga an yi ɓarna. Mai shago da zai ce miki ulu ne zalla don ki saya, alhali bai duba ba ko ya duba ya ɓoye, ya ji tsoron Allah. Wanda zai yafa abin ba ya wurin cinikin, kuma shi zai ɗauki sakamakon.

In takardar ta ɓata kuma kina so ki tabbatar, nan ne kaɗai na yarda a kunna ashana. Ki yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ki fita tsakar gida nesa da sauran zaren, ki riƙe shi da hantsaki a kan kwanon ruwa. Ulu zai yi warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu da ke murƙushewa a yatsa. Auduga za ta yi warin takarda ta bar toka mai laushi. Akirilik zai tsuke, ya narke, ya bar ƙwallo mai tauri.

Ban ce ki fasa saƙa mata ba. Ki fasa geza da tuntu dai, ki gama bakin da layi ɗaya na gajeren saƙi. Kada tsawon ya wuce abin da zai rufe kafaɗa ya haɗu a ƙirji, ki sa masa babban maɓalli ko biyu don kada ya riƙa lilo. Ki gaya mata a fili cewa wannan na zama ne da zuwa unguwa, in za ta matsa kusa da kasko, risho ko gas ta ajiye shi. In hali ya samu nan gaba, ki nema mata zaren da ulu ya fi yawa a ciki. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, a kashe wutar, a riƙa zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a wurin har minti 20, kada a ɓamɓare abin da ya manne a fata, kada a shafa ƙwai, manja, man goge baki ko baƙin mai, a wuce asibiti.

Miƙar da mayafin kuwa, bayan kin gyara ƙirgar, da ruwa ake yi. Ki wanke shi da ruwa mai sanyi da sabulu kaɗan, kada ki murɗa, ki naɗe shi cikin tawul ki danna ruwan ya fita. Ki shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa, ki daidaita gefunan da hannu, ki kafe su da fil, ki bar shi ya bushe a kwance. Kada ki rataya a igiya, nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo. In akwai wurin da ya ƙi kwanciya kuma kina da dutsen guga mai tururi, ki riƙe shi sama da saƙar kamar yatsu biyu, tururin kawai ya sauka na ɗan lokaci, ƙarfen kada ya taɓa. Ki fara gwadawa a kan ɗan guntun da kika saƙa da ragowar zaren kafin ki je kan mayafin. Ki gaishe mini da Umma, Allah ya ƙara mata lafiya.